Ƙofar da ta hana Ba Modu fita

Shekara talatin ina aikin walda a unguwar Bulabulin, amma akwai wata Talata cikin zafin bazara da ba ta fita raina.

Wata biyu kafin ranar, wani dattijo, Ba Modu, ya sa in cire tsohuwar ƙofar gidansa ta katako in sa ta ƙarfe. Ƙa'ida ita ce a auna faɗin wurin sau biyu kafin a yanka ƙarfe. Ni sau ɗaya na auna. Da na kawo ƙofar sai firam ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe ta a bango, ya gaza da inci shida. Maimakon in sake, na cike gefen da bulo, na shafe da siminti. Da Ba Modu ya ce kamar ƙofar ta tsuke, na ce masa haka ake yayi yanzu, don ɓarayi.

Ran Talatar, bayan azahar, babban ɗansa Bukar ya zo shagona da kansa. Ya ce Baba ya rasu, an yi masa sutura, amma makara ta ƙi fita. Da babu kowa a kanta, a karkace aka shigar da ita. Da gawa kuwa ba a karkatawa.

Na tarar layin cike da mutane, an jeru cikin rana. Wani ya ce a fito da shi a tabarma. Bukar ya ce mahaifinsa ba zai bar gidansa kamar kaya ba.

Na sa guduma. Simintin ya kama sosai, kowane bugu matan ciki suna ji. Liman ya matso ya ce, "Malam Sale, zafin nan ba ya jira." Sai da na fasa bulo huɗu firam ɗin ya saki.

Bukar ya duba ɓaraguzan, ya ga bulon sabo ne. A hankali ya ce, "Baba Sale, wannan ba ginin gidanmu ba ne."

Na ce, "Nawa ne, Bukar. Awona ne ya gaza, na ɓoye."

Ya juya ya kama makarar.

Na bi su maƙabarta da ƙurar siminti a rigata. Wanda ya kamata in nemi gafararsa, shi muka binne.

Ku da kuke koyon aikin nan, kada ku auna ƙofar gida da mai shiga da ƙafarsa. Ku auna ta da ranar da za a ɗauko shi.