Hannun Gem ɗin Malam Bukar

Me ya sa yatsuna suka fi idona tuna mijina Malam? Kwana arba'in da rasuwarsa fuskarsa ta fara ɓace mini, amma babban yatsana bai manta komai ba. Na tambayi kaina har na gaji. Ki rubuta yadda na faɗa, Malama, kada ki gyara.

Ina yarinya a Jakara, in an idar da magariba mukan kewaye murhun kakata Falmata, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ita ba ta yin tatsuniya ita kaɗai. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Wa zai riƙe akala yau?" Wanda ya kama babban yatsanta shi ke juya labarin.

Akwai ta wata yarinya da ta ɓata a daji a kan raƙumi, ga kura na bin su. Duk inda hanya ta rabu biyu sai Kaka ta yi shiru. In ka karkata yatsan dama, raƙumi ya tarar da rijiya. In hagu, ya faɗa kasuwar aljanu. Ran da na riƙe, tsoro ya sa na matse da ƙarfi. Ta ce, "Ke ja'ira, kin murɗe masa wuya! To ya durƙusa, kura ta iso." Na sha kuka, washegari ta sake miƙo mini.

Mijina Malam Bukar ɗinkin hula ya yi duk rayuwarsa. Da hannunsa ya fara rawa allura ta gagare shi, ɗanmu ya kawo masa gem na tseren mota don ya riƙa motsa yatsu. Hannun da ake riƙewa a juya motar biyu ne, ya miƙo mini ɗaya. Ni da ban san baƙi ko ɗaya ba, nan take na gane yatsan Kaka ne aka mayar roba. Daɗinsa ba ya musu. Ka taɓa kaɗan, mota ta karkata kaɗan. Ka matse, ta yi cikin bango, abin ya karkaɗa a tafin hannunka kamar mai rai. Malam yakan ce haka allurar kirki take, mantawa kake kana riƙe da ita.

Jiya yayarsa Hajiya Yagana ta zo tattara kayansa a yi sadaka. Riguna, huluna, takalma, duk na ba ta. Sai ta kai hannu kan gem.

"Mai takaba da wasan yara? Haba Amina! Unguwa ta ɗauka, wai ana jin kukan mota a ɗakinki."

"Su ƙara kasa kunne, Yaya. Sallata na yi, addu'a kuwa ban fasa masa ba."

"Kin tsufa ba ki san kin tsufa ba."

"Da tsufan nawa na riƙa cinye ƙanenki a tseren."

Na ɗauke na ɗora a cinya na rufe da mayafi. Ta fita tana cewa za ta dawo da manya. Ko ta zo da su, a nan za su same ni.

Da can na ɗauka sassauta hannu kawai Kaka ke koya mana. Yanzu na ga har da riƙewa. Ko ranar da kura ta iso, ba ta ce in saki ba.

Nasa hannun gem ɗin, wurin babban yatsa ya goge har yana sheƙi. Ranar da aka tafi da shi asibiti, da hantsi na cinye shi sau uku. Ana riƙe da shi a bakin soro ya waiwayo ya ce, "Amina, ajiye mini nawa, kada kowa ya taɓa. In na dawo zan rama."