Ranar da Goggo ta wanke mini jirgin sama

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai, har da sunayen waɗansu yaran da na koyar, amma akwai wata Juma'a da ta zauna daram, kuma ba na jin za ta gushe muddin ina numfashi. Ita ce ranar da Goggona ta wanke mini jirgin sama.

A shekarun saba'in ne, ina sabon malamin firamare a Sule Tankarkar. A gidan ƙanwar mahaifina nake zaune, matar da duk unguwa ta sani da ƙyallin tasoshinta. Wani abokina direba mai zuwa Damagaram ya kawo mini tsarabar kwali, ciki kuwa jirgin sama ne na roba, gunduwa-gunduwa, mutum ya haɗa da kansa. Takardar bayanin da Faransanci take, sai hotuna na bi. Mako biyu na yi ina manna shi da gam. Da ya tashi, tsawonsa kamu ɗaya, launinsa toka-toka kamar bokitin roba.

Ana cikin haka aka aiko cewa za a yi nunin kayan koyarwa na makarantu a Gumel. Kowace shekara taswirar laka makarantarmu take kaiwa, ta dawo hannu rabbana. Na je gaban hedimasta na bugi ƙirji, na ce bana ya bar mini. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Malam, na soke taswira. Idan mun ji kunya, kai ka jawo."

Saura fenti. Na sayi gwangwanin fenti ruwan azurfa, na gwada da buroshi a cikin jirgin daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Fentin azurfa ba ya rufa wa kowa asiri: duk inda gashin buroshi ya bi sai ya bar layi. Ranar kasuwar Maigatari na nemi wani mai fentin manyan motoci. Ya jujjuya jirgin ya ce, "Wannan fenti ba a shafa shi, Malam, fesa shi ake yi. Ka fara da baƙi, shi ke fito da ƙyallin. Ka tsinka da kananzir kaɗan. In ka sa fetur, robar za ta narke, ka koma gida da kunu." Injinsa ya yi wa jirgina girma, don haka ya ce in wanke famfon fesa maganin sauro in yi da shi.

Haka na yi. Ina tsayawa taki biyu daga jirgin, in fesa sama-sama kamar raɓa, in bar shi kwana uku ya bushe, in sake. Sau ɗaya na matsa kusa, fenti ya zubo kamar hawaye, sai da na kankare na faro daga baƙi. Da shafi na uku ya bushe, ni kaina da na san roba ce sai da na ƙwanƙwasa shi da farce. A ƙarshe na dubi hoton kwalin, na ga bayan injinan jirgin akwai baƙin hayaƙi. Na lakato baƙin gilashin fitila da auduga, na bi bayan kowane inji a hankali. Wannan baƙin shi ne abin da na fi alfahari da shi.

Duk kwanakin nan Goggo tana jin fis-fis daga ɗakina. Ta taɓa leƙowa ta ce, "Wai kai sauro kake kashewa ko kanka?" Na ce, "Aikin makaranta ne, Goggo." Duk sanda ta tambaya, amsar da take samu ke nan. A ganina na lokacin, me tsohuwa ta sani game da jirgin sama?

Nunin ranar Asabar ne. Ranar Juma'a na ajiye jirgin a kan akwati, na bar ƙofa buɗe warin fenti ya fita, na tafi masallaci. Ina dawowa na yi sallama, na tarar da Goggo a tsakar gida kan kujera, ga toka, ga soso, ga ɓarin lemun tsami, tasoshi sun jeru a rana. Jirgina yana kan cinyarta. Ta gama da fiffiken dama.

Kafin in buɗe baki ta ce, "Zo nan, ɗan nan, an cuce ka. Na ga hayaƙi ya ɓata maka shi, ga ka za ka shiga mutane gobe, na ce bari in ɗan goge. Ashe ba ƙarfe ba ne! Roba ce aka shafa wa fenti. Wane marar tsoron Allah ne ya yi maka wannan?"

Na ce, "Ni ne, Goggo."

"Baƙin fa?"

"Shi ma ni na sa."

Ta ajiye soso ta dube ni. "Da hannunka ka sa wa abinka dauɗa? Wannan boko naku!"

Ƙanwar uba ce, ba a ɗaga mata murya. Na karɓi jirgin da hannu biyu, har na ce mata sannu da aiki, na shiga ɗaki na ciji hulata. Lissafin ba shi da wuya: shafi uku, kowanne kwana uku, ni kuwa yini ɗaya babu.

A Gumel na ajiye shi a kan tebur, ɓangaren da aka wanke yana fuskantar bango. Mutane suka taru suna ta masha Allah, hedimasta yana gyara riga. Sai babban mai duba makarantu ya iso, ya ɗaga jirgin, ya juya shi. Ya ce, "Wannan fiffiken fa?" Hedimasta ya ce, "Ranka ya daɗe, haɗari ya yi a hanya." Aka yi dariya, aka wuce. Makarantar da ta ci, taswirar laka ta kai. Sai da zangon karatu ya ƙare kafin hedimasta ya daina kirana direban jirgi.

Da na ba Goggo labari, sai ta ce, "Da ka bar ni na gama ɗaya fiffiken, ai da sun yi daidai."

Na daɗe ina jin haushinta, har na gane inda laifin yake. Sau nawa ta tambaye ni? Da na zaunar da ita na ce roba ce, baƙin kuma ado ne, da ko ƙuda ba za ta bari ya sauka a kansa ba. Tun daga ranar, duk aikin da na ɗauko, mutanen gida nake fara yi wa bayani dalla-dalla. Wanda ka raina ka ƙi yi wa bayani, in yana ƙaunarka, zai taimake ka da iyakar abin da ya sani, kuma Goggo toka da soso ta sani.