Kwamfutar Yaya Kafin Rabon Gado

Yayana ya rasu a Enugu ranar wata Talata da hantsi, kafin la'asar an kai shi. Ni ina Fatakwal ina gyaran waya, motar da na hau ba ta iso ba sai da aka watse. Ya bar shagon wake a kasuwar Ogbete, da 'ya'ya huɗu, da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, wadda sola ke riƙe da ita.

A cikinta yake ajiye sunan duk ɗan arewan da aka binne a maƙabartarmu, da garinsu, da layin da yake kwance. In wani ya zo daga Gusau neman kabarin ubansa, can ake dubawa. Babu wani kwafi a ko'ina. Na sha yi masa magana, ya sha ce mini gobe.

Kwamfutar tana da manhajar da ke barin mutum ya shiga daga nesa, in yana da mabuɗi. Mu ƙofa muke ce mata, kuma ni da shi ne masu mabuɗin. Duk Juma'a yakan rubuta wa kwamfutar umarni layi biyu: na farko ya tambayi rumbun manhajoji ko akwai sabon gyara, na biyu ya ɗora shi.

Ranar sadakar uku, Kawu, ƙanen mahaifinmu, ya yanke hukunci.

"Kayan mamaci ne. Ko allura ba a taɓawa sai an raba gado."

Magada kuwa wasu na Funtuwa, ɗaya na Legas, ga Kawu ba ya gaggawa ko a cin tuwo. Na koma Fatakwal. Nakan leƙa daga nesa, tunda kallo ba taɓawa ba ne. Kullum sai in ga baƙi daga ƙasashen da ban san su ba suna gwada ƙofar. Ana haka masu manhajar suka sanar cewa irin tamu tana da ɓaraka, sun kuma fitar da gyara. Na kira Kawu.

"Kawu, ɓarayi na gwada ƙofar kwamfutar nan."

"Subhanallahi! Bari in aika."

Washegari ya kira ni da murna, wai an ƙara kwado na biyu a shagon, babba, na kasuwar Ochanja.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya tambaya, wannan gyaran ƙari ne a kan dukiyar ko ragi? Na ce ƙari. Ya ce to ka gani, ƙarin kuma rabon wa zai shiga? Na ji haushi, amma Kawu ba mugu ba ne, haƙƙin marayu yake tsoro.

Na daure mako biyu. Ran nan bayan azahar, ina riƙe da wayar wani ɗan okada, wato ɗan acaɓa, na ajiye ta na shiga kwamfutar. Na ce Allah na tuba, na rubuta layin nan biyu. Ana cikin ɗorawa sai abin ya tsaya ya yi tambaya: mai kwamfutar ya taɓa canja saitin ƙofar da hannunsa, a bar nasa ko a sa sabo? Na duba abin da ya canja. Ya hana kowa shiga sai mu biyu, a gefe ya rubuta, "Ni da wannan mai taurin kan." Na bar nasa.

Da aka gama na buɗe sunayen, in tabbatar ba wanda ya riga ni. Suna nan lafiya lau. Na gangara ƙasa. Na ƙarshe wani dattijo ne mahauci, mutumin Zariya. Daga shi ba kowa, don mai rubutawar ne ya biyo bayansa.

Na kira Kawu, muka gaisa har da tambayar gajiya.

"Kawu, a wane layi aka sa Yaya?"

"Me za ka yi da shi?"

Na ce masa sunan Yaya ne babu a cikin sunayen. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Na tara," ya ce, "jikin katanga. Ka sa garinmu, kada ka sa Enugu."