Bulo Takwas da Aka Bar Mana

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa a Nasko, kuɗin sallamata kaɗai gare ni, kuma na rantse na gama zaman haya. Gida nake so a Kontagora, ko ɗaki uku ne, inda zan ajiye iyalina in huta. In na kuskure wannan karon shi ke nan, babu wani kuɗi da zai sake zuwa. Ga gidaje sun yi wuya a lokacin, mutanen wajen Kasuwan Garba na ta kwararowa gari saboda rashin tsaro, gidan da ka gani yau gobe an saye.

Ni kuwa ina ji da kaina wajen duba gida. Uku na ƙi. Na farko na ƙwanƙwasa katakon rufi da sandata, gari ya zubo mini a hula, gara ta cinye shi tas. Na biyu gidan gado ne, mai unguwa ya raɗa mini cewa akwai magaji ɗaya da bai ma san ana sayarwa ba. Na uku kuwa masai da rijiya kafaɗa da kafaɗa. Dillalin da ke yawo da ni a bayan mashin har ya gaji, ya ce, "Malam, kai fa sai dai a gina maka."

Na huɗun a watan Maris muka gan shi, rani tsakiya. Takardu lafiya lau, kwano sabo, bango babu tsaga. Sai dai mai gidan bai kwashe iyalinsa ba tukuna. Na duba waje, na duba zaure, zan wuce ciki dillali ya tare ni.

"Malam, iyali na ciki fa."

To, wane namiji ne zai kutsa cikin matan aure? Na ja da baya, na ce gobe zan turo maiɗakina ta gaishe su, ta gano mini.

Ta je da 'yar tsarabar sabulu, ta daɗe. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Malam, gidan nan yana shan ruwa."

"A ina kika ga ruwa a watan Maris?"

"Ban ga ruwa ba. Gadajensu duka a kan bulo suke. Buhun masara a kan benci. Dokin ƙofar kowane ɗaki ya kusa gwiwata, sai da na tattare zani na tsallaka. Fentin ma sabo ne, amma daga ƙasa zuwa ƙugu kawai."

"Kin tambaye su?"

"Na tambayi matar gidan. Ta ce damina dai sai haƙuri, ta kau da kai."

Wallahi sai raina ya ɓaci. Na gaji da yawo, kuma gaskiya ta yi mini ciwo a ce ni da na ƙi gida uku, ita ce za ta gano abin da ban gano ba. Na ce, "Haba! Ɓera suke gudu, ba ki san mutane na ɗaga hatsi ba? Ke dai ba ki son a zauna wuri ɗaya." Ta cire mayafinta ta ajiye. Na tambayi dillali, ya yi dariya ya ce ruwa kam ko'ina yana sauka. Maƙwabta ban tambaye su ba, alhali da na ɗaga ido da na ga tsofaffin buhunan yashi a ƙofar kowannensu. Na saya.

Ranar da muka tare na tarar da bulo takwas a jere a bayan ɗaki. Na ce a fitar mini da wannan tarkace. Maiɗakina ta ce, "A bar su, Malam. Ni na roƙi matar ta bar mana." Na yi tsaki na wuce.

Wata Laraba cikin Agusta, bayan la'asar, aka kece da ruwa. Rufin bai ɗiga ba ko ɗaya, a nan kam na yi daidai. Ta ƙasa ruwan ya zo, yana tsattsafowa ta siminti, ashe tsohuwar hanyar ruwa ce aka cike aka yi gini a kai. Kafin magariba ya wuce idon sawu. Littattafaina da takardun aikina na shekara da shekaru suna cikin kwali a ƙasa, suka zama kamar kunu. Kayanta ita kuwa tun farkon damina suna saman kabad, ina gani ban tambaya ba.

Na tsaya a tsakiyar ɗaki, wando a naɗe, ina jira ta ce ai ta faɗa. Da ta faɗa ma da na samu abin yi wa faɗa. Sai ta shigo rungume da bulo ɗaya, ta ajiye a gindin gado, ta ce, "Malam, kama can mu ɗaga."

Huɗu a gadonmu, huɗu a na yara. Gidan bai sayuwa sai in na ɓoye wa wani abin da aka ɓoye mini, ni kuwa ba zan iya ba. Har yau a kan bulon nan nake kwana.