Mai Bulo Ya Koma Tubali

Duk unguwar ba wanda ya san sunansa na yanka. Mai Bulo ake ce masa, shi ma ya fi son haka. Rabin rayuwarsa a bakin injin buga bulo ya yi ta, gashin hancinsa fari fat da siminti, bakinsa kuwa ba linzami. In ya ga ginin ƙasa sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai gidan gara ne."

Ko gidan yayansa a ƙauye bai tsira ba. Wata shekara ya kai iyali ziyara cikin farar shadda, aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin baƙi, ya jingina da bango, ya tashi da jar ƙasa a baya. Ya yi ta kakkaɓe riga a gaban matar Yaya kamar wanda kunama ta hau, yana cewa ba zai kwanar da 'ya'yansa inda bango ke bin mutum ba. Kafin la'asar sun kama hanya. Tun daga nan zumunci ya koma gaisuwar waya.

Sai masu manyan injuna suka cinye kasuwa, nasa injin ya tafi, mai gidan haya kuma ya ce yana son ɗakunansa. Abin da ya rage wa Mai Bulo shi ne filin gado, jifa ɗaya daga gidan Yaya. Siminti ya fi ƙarfinsa, ƙasa kuwa ga ta nan kyauta. Ya kafa rumfar tamfol, ya zuba matarsa da 'yan matansa biyu a ciki, ya ce kafin damina za su shiga ɗaki.

"Maigida, ka je wurin Yaya mana, ya nuna mana yadda ake kwaɓin nan," in ji matarsa.

"Ni za a koya wa gini?"

Ba girman kai ba ne kaɗai, kunya ce ke cinsa. Ko rijiya zai je sai ya zaga ta bayan gona, don kada ya bi ta ƙofar gidan da ya zaga. Yaya ya aiko da damin busasshiyar ciyawa a zuba a kwaɓi, Mai Bulo ya ce wa 'yan matan su hura wuta da ita, shi ba ya gini da shara.

Ya kwaɓa ƙasa yadda ya saba kwaɓa siminti: yashi shebur bayan shebur, a kwaɓa da safe a buga da hantsi, ba a bari ta kwana ta jiƙu. Tubalin ya fito da kusurwa tsaf, abin sha'awa. 'Yan matan suka yi ta jidar ruwa har wuyansu ya ƙage, bango ya kai kafaɗa.

Ruwan farko ya sauko da azahar. Iska ta yi gaba da tamfol, bangon kuma ya narke a gaban idonsu ya koma taɓo. Suna tsaye rungume da katifa sai ga Yaya da buhu a ka.

"Ku taho gida," ya ce.

Ɗakin baƙin nan ne dai, bangonsa na nan daram. Amma a bayan tabarma an kafa ƙusa an rataya wankakken zane.

"Baban 'yan mata, saboda rigarka ne," in ji matar Yaya, "kada ta ɓaci."

Da gatse ta yi, da ya ji sauƙi. Amma da zuciya ɗaya ta faɗa, shekara da shekaru tana riƙe da abin. Ya dubi rigar tasa, taɓo har wuya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tashi ya cire zanen, ya ninke, ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya zauna ya jingina da bangon, kansa a sunkuye.

"Yaya," ya ce, murya can ƙasa, "ciyawar nan da ka aiko, akwai saura?"