Matar da Ta Tsaya Bayan Dauda

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba ji na yi ba, kuma wallahi ko yau aka ce in rantse zan rantse. Shekarun baya ina gyaran waya a Dogon Dutsi ta Nijar, sai samarin gari suka shirya gasar ƙwallon bidiyo, irin wadda ake bugawa da manet, abin dannawan nan na hannu, a gaban talabijin, suka ce ni zan yi alƙalanci don sun san taurin kaina, ko ƙanena ya yi maguɗi sai na kore shi. Wanda ya ci ta zai wakilci yankinmu na Arewa a Yamai. Dokar da na fi tsarewa ita ce ba mai tsayawa bayan ɗan wasa, ba mai raɗa masa komai, kuma muka kafa waya tana nuna wasan kai tsaye don na nesa su gani da idonsu.

Wasan ƙarshe ya faɗo bayan la'asar, tsakanin Yohanna ɗan unguwar coci da wani Dauda daga Sukukutane, shiru-shiru, wanda ko riƙon manet bai gama iyawa ba amma ya bi kowa ya lallasa. Dauda yana gaba da ci sai masu kallo ta waya suka fara rubutowa, wai wace ce wannan a bayansa? Na ɗaga kai, ba komai sai bango. Na duba wayar, to ga ta nan, doguwar mace da baƙin zane, kanta ya wuce iyakar hoton, hannayenta bisa nasa, yatsa kan yatsa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, amma ɓacin rai ya fi yawa, don Yohanna da guminsa yake bugawa.

Na tsayar da wasa na nuna wa Dauda wayar. Ko gezau bai yi ba.

"Ta gidanmu ta, Malam, tun kakana take bin mu. Ba ni na kiraye ta ba."

Na ce, "Ko wa ya kira ta, doka ta hana. Ko ta matsa, ko ka aje manet."

Wani dattijo cikin ƴan kallo ya ja rigata ya ce, "Ɗana, ba a korar irin su hwa." Na ce Baba ba kora nake ba, ga benci nan, ta zauna ta yi kallo kamar kowa. Dauda ya cire takalmi, ya durƙusa ya fuskanci bango, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, sai muka ga a waya wurin ya zama wayam.

Aka sake wasan daga farko. Dauda ya yi ta fama kamar ransa zai fita, Yohanna ya ci shi da ƙyar. Na ɗauka Dauda zai zage ni, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Na gode, yau ni na buga."

Da na ɗauki wayar na juyo ta fuskata don in sallami masu kallo, saƙo ɗaya ne ke ta hawa daga mutane daban-daban: alƙali, kada ka waiwaya. Ban waiwaya ba, ban kuma dubi hoton ba, na kife wayar na tafi gida ina karanta duk abin da na iya.

In aka ba ku alƙalanci ku tsaya kan gaskiya ko wa ke tsaye a wurin, sai dai ku yi magana da ladabi. Ni dai har yau ban san ko benci ta zaɓa ko bayana ba, kuma ban sake ɗaukar kaina hoto ba.