Mangwaron Baba

Lambunmu yana fadamar bayan Bakura, kusa da gulbi. Albasa muke nomawa, sai ɗan tumatir da tattasai. Mu biyu ne maza a gidan, ni da yayana. Da ya gama firamare, Baba ya ce lambu ba zai sake mu duka ba. Ya riƙe shi a ban-ruwa, ni kuma daga baya aka tura ni sakandare Talatar Mafara. Yaya ya fi ni kan karatu, kowa ya san haka. Haka ya ɗauki fartanya.

Da tsufa ya fara kama Baba, sai ya samo dashen mangwaro mai aure wurin wani abokinsa na Maradun, ya jera su a gefen lambun. Ya kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Ko ranar da injin ban-ruwa ya lalace, albasa na kwance da ƙishi, su yake fara kai wa ruwa da bokiti. In Yaya ya yi magana, sai ya ce masa ya yi haƙuri, wata rana zai gani. Shekaru aka yi a haka.

Shekarar da itatuwan mangwaron suka cika da fure, ita ce shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya karkace. Na zo duba shi daga wurin aiki, ya yi ta nuna mini hanyar fadama da ido. Na ari amalanke muka kai shi.

Muka tarar da Yaya da gatari, ya riga ya kwantar da rabinsu. Fure ya rufe ƙasa, ƙudan zuma na ta yawo a kai. Na tambaye shi dalili. Ya ce inuwa ta cinye masa fangalin albasa, saiwoyi na shanye ruwa, kuma 'ya'yansa ba za su ci inuwa ba.

"Kai da ka yi boko, tai ka duba, ka hwaɗa man in ƙarya nika yi."

Na je na duba. Albasar da ke ƙarƙashin itatuwan duk ganye ce, ba kai. Gaskiyarsa ce, kuma na so a ce ba ita ba ce.

Baba ya ɗaga hannun da ke motsi, yana neman magana, miyau na zuba masa a riga. Yaya ya zo ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya goge masa baki da hannun rigarsa. Sannan ya koma kan itacen da ya bari rabi.

Albasa ta yi kyau a wannan rani, har motoci suka shigo ɗauka daga Jangebe. Baba ya ƙara damina biyu a duniya, yana zaune a zaure, bayansa ga hanyar fadama. Yaya ne yake yi masa wanka har ya rasu.